Yadda Ɗan Talata Ya Sabunta Tsakar Gida

Ke Fa'iza, wa ya aike ki? An ba ki tuwo kin ci, an ba ki ruwa kin sha, sai kuma ki sa ni gaba wai me ya sa paben tsakar gidanmu wani baƙi, wani fari, wani da tabon mai. Abin da ake koya muku a lekol, makarantar bokon nan taku, ke nan, titsiye manya? Mu da muna yara in mun ga abu a gida, ido muke sa masa mu rufe baki. To, tunda kin tono, zauna. Kai ma Sufiyanu, cire yatsa daga hanci ka matso. Sau ɗaya zan faɗa, kuma duk wanda ya kai wa kakanku wannan magana, shi da furata sai Sallah.

Shekarar da aka haife ki ne. Kafin nan da shekara biyu, babanku Bubakar ya dawo daga Agadas da ɗan abin hannunsa, ya ce ya gaji da ganin uwarsa tana shara safe da yamma. Yashin Gure kuwa kun san shi, ka share shi a waje ya riga ka shiga ɗaki. Sai ya kira Aisami magini, Babarbaren nan mai tsirarun gemu, suka jera pabe, waɗannan ƙananan tubalan siminti da kuke zaune a kansu, daga bakin zaure har gindin bedi, itacen dogon yaron can. Abu ya yi kyau. Mata suka riƙa zuwa aron rariya alhali tasu na rataye a gida, don dai su taka.

Kakanku, wanda gari ke kira Ɗan Talata, bai ɗaga tubali ko ɗaya ba a aikin nan, amma a majalisa cewa yake, "Aikina." Dalili kuwa, da ƙuruciyarsa ya taɓa yin wata biyu a shantiyen gudro, wato wurin aikin zuba kwalta, na hanyar Damagaram. Aikinsa shi ne riƙe jan ƙyalle yana ɗaga wa motoci su tsaya. Daga wannan jan ƙyalle ya zama masanin siminti, masanin gada, har jirgin sama in an taɓo zancensa sai ya gyara zama.

Ana nan sai wani wuri ya lotsa a gindin bedi. Ɗan zagaye ne, faɗinsa bai fi faifai ba, tubali takwas. Kowa ya saba, in ya zo nan sai ya tsallake.

Ranar Alhamis da hantsi uwarki Habsu ta sauka. Ɗan Talata yana alwala ya ji kukan jaririya, ya zabura da buta a hannu zai je ya sanar wa unguwa. Ƙafarsa ta faɗa ramin. Buta ta yi gabas, hula ta yi yamma, shi kuma ya baje a gaban ungozoma, tsohuwar da ba ta taɓa ganin abu ta bar shi a cikinta ba.

Ya tashi yana kakkaɓe riga, ya ce a kira masa Aisami yanzu-yanzu.

Aisami ya zo ya tsuguna. Ya dubi ramin, ya dubi turmina da ke jingine da bango, sannan ya dube ni. Ni ma na dube shi. Sai ya mai da idonsa ƙasa.

Ya ce, "Wushe, Ɗan Talata, barka da ƙaruwa. Wannan ai ba wani abu ba ne. A ɗaga takwas ɗin nan, a zuba yashi ƙwarya biyu, a daddaɓe, a mayar. Kafin shayinka ya tafasa na gama."

Ɗan Talata ya yi dariya ta hanci. "Ƙwarya biyu! Aisami, kai ginin laka ka gada. A shantiye in wuri ɗaya ya lotsa, to ƙasan gaba ɗaya ta ruɓe. Babban Nasaran aikin da kansa ya faɗa mini."

"Da wane yare ya faɗa maka?"

"Da hannu."

"To, ban da ta cewa."

"Mutanen Kelle za su zo suna. Malam Idirisa, uban Habsu, mai dabbobin da ba su ƙirguwa, zai shigo gidan nan karo na farko, ya tarar da faci a tsakar gidana? Ya koma ya ce ya ba da 'yarsa gidan masu faci? Sabo za a yi, duka, da hannuna."

Na ce, "Malam, kwana bakwai ne fa."

Ya ce, "Uku sun ishe ni, Yakura. Sauran huɗun na masu kallo ne."

Kafin la'asar ya ɓamɓare tsakar gida kaf, ya jibge tubalan a ƙofar gida, ya tsaya kusa da su yana sharar gumi don masu wucewa su gani. Yabawa maƙwabciyarmu ce ta fara leƙowa.

"Malam Ɗan Talata, waɗannan fa?"

"Tsohon yayi ne. Kwashi."

Ta ɗauki uku ta ce murhu za ta yi. Mai shayin bakin hanya ya ɗauki shida ya ɗora tebur. Mai faci ya kwashi nasa ya jingine moto, wato babur. Wani ya danne kwanon rufin ɗakinsa, wani ya tallafi ƙafar gado, ladan ya aiko a kai goma wurin alwala. Duk wanda ya ɗauka, Ɗan Talata sai ya ce, "Ƙara mana, kada ka ji kunya." Kafin kiran magariba babu abin da ya rage a ƙofar gida sai sawun mutane.

Washegari muka tashi cikin yashi kamar waɗanda suka kwana a jeji. Yashi a tuwo, yashi a kunun mai jego, yashi a kunnen jaririya. Wato kunnenki.

Ya je wurin Aisami aron akwatin ƙarfen da ake buga tubali. Aisami ya ce kayan aikinsa ba su fita sai da shi. Ɗan Talata ya dawo ya ce hassada ce, ya ɗauki wuƙa ya yanke gindin bidona mai ruwan ɗorawa, wanda nake ɗebo ruwa da shi, ya ce ga abin bugu ya samu. Siminti kuwa buhu biyu kacal ya tarar a kanti, motar Damagaram ba ta iso ba. Yashi kuma ya sa aka ɗebo masa amalanke uku daga tudun bayan gari, mai laushi kamar garin tuwo.

Aisami ya biyo ta ƙofar gida ya damƙi yashin ya sake. "Wannan ba ya kamawa. Mai tsakuwa ake sawa, na cikin kwari. In ka buga kuma ka riƙa yayyafa masa ruwa."

"Ruwa? Abin da nake so ya bushe shi zan jiƙa? Yakura, kin ji maginin garinku."

Ya buga talatin ya shanya a rana. Kaji suka bi ta kai suka yi masa ado. Ya ce ai a manyan birane da gangan ake yin irin wannan zane. Rana ta uku ya zaɓi wanda ya fi kyau ya kai majalisa, ya ɗaga shi sama a gaban dattawa yana cewa su duba aiki. Tubalin ya ruguje a hannunsa, ya zube cikin butar shayi. Mutum tara suka rasa shayin yamma.

Ya dawo gida ya ce kambun baka ne.

Yanzu saura kwana huɗu, siminti ya kusa ƙarewa, tsohon pabe ya watsu a gari, sabo ya koma yashi. Ya zauna a zaure ya yi tagumi. Na ce a raina ko zai aika a ba Aisami haƙuri. Ina! Idonsa sai ya faɗa kan wani buhun kanwa da abokinsa na Gidigir ya kawo masa tun bara saboda tumakinmu biyu. Sai na ji ya kwaɗa mini kira kamar gobara ta tashi.

"Yakura! Kin taɓa zuwa kwarin kanwa da rani?"

"Na taɓa."

"Yaya ƙasar take?"

"Fara ce."

"Fara, da tauri kamar kwano! Raƙumi da kaya ya taka ba ta lotsawa. To wa ya sa mata siminti?"

"Ba kowa."

"Kin gani! Abin da Nasara ke nema a buhu, mu Allah ya zuba mana shi a ƙasa, ba mu sani ba. Ke da kanki, wake mai taurin kai in kin jefa masa kanwa, me yake yi?"

"Laushi yake yi, Malam."

Ya ce, "To ai wake ne. Siminti akasin haka yake yi."

Ku daina dariya, don ban gaya muku wanda ya daka kanwar ba. Ni ce. Buhu guda na daka, da wannan hannun, har idona ya yi ja. Ya haɗa yashi da kanwa da ɗan simintin da ya rage kamar mai barbaɗa gishiri a miya, ya kwaɓa, ya zuba a gindin bido. Abin mamaki, nan take ya kama. Da rana ta buge shi sai ya fito fari ƙal, yana ƙyalli. Ɗan Talata ya hau kai ya yi tsalle sau uku, tubali bai motsa ba. Ya aika a sayo kanwa buhu uku kuma.

Ni kuwa da nake cewa na fi kowa hankali a unguwar nan, na ɗaura kallabi na tafi famfo, na tsaya a tsakiyar mata na ce, "Mai gidana ya ƙirƙiro abin da ko a Yamai babu shi. Ku zo suna da idanunku." Yabawa ta ce, "Allah ya nuna mana." Na ce, "Zai nuna miki."

Ranar Laraba da yamma aka gama jerawa. A lokacin babanku, wanda da ma ya koma neman kuɗinsa, ya sauka daga motar Agadas, ya shigo da jakarsa, ya tsaya a bakin zaure yana ƙifta ido saboda hasken.

"Baba, ina pabena?"

"Yana inda ya dace da shi. Cire takalmi."

Ranar suna, kun san maza a ƙofar gida suke zama. Ɗan Talata ya ce sam, a tsakar gida za a raɗa suna, mata su shige ɗaki. Ya hana a shimfiɗa tabarmi a tsakiya, wai za su rufe aiki. Sai liman kaɗai aka ba buzu. Da gari ya waye kuma ya ga ƙura ta ɗan hau, sai ya ɗauki bido biyu ya yayyafe wurin sosai don ya yi sheƙi. Mutumin da ya ƙi ba siminti ruwa ranar da yake so, ya ba kanwa ranar da ba ta so.

Malam Idirisa ya iso daga Kelle da ragon suna. Bai zo da rago kaɗai ba. Da yake washegari zai shiga kasuwa, ya koro awaki da tumaki wajen arba'in, da raƙumi guda. Ya tara su a ƙofar gida, ya ɗaure raƙumin a jikin katanga. Dabbobin nan rabonsu da lasar kanwa tun damina.

Aka gaisa, aka zauna, aka raba goro. Ɗan Talata yana yawo tsakanin baƙi yana buga ƙasa da diddige. Ni ina leƙe ta labule. Sai na ga Idirisa yana ɗaga hanci yana shaƙa. Ya dangwala yatsa a ƙasa ya kai baki.

Ya ce, "Malam Ɗan Talata, wannan da me aka yi shi?"

"Sirrin shantiye ne, Malam Idirisa."

"To. Ni dai na san ɗanɗanon nan."

A waje kuwa dabbobi sun fara kuka, ba irin kukan da aka saba ba. Liman ya yi addu'a, aka shafa, ya ce sunan yarinya Fa'iza. Maroƙi ya cika ƙirji da iska ya buɗe baki zai sanar wa mata. Bai kai ga "Fa" ba wani bunsuru ya shigo ta zaure ya bi ta tsakanin ƙafafunsa.

Bayansa sauran suka kwararo. Arba'in ɗin nan duka, har da tumakinmu biyu da suka tsinke igiya, har da ragon sunan da ake wasa wa wuƙa. Ba su kula kowa ba. Kowace ta kafa kai a ƙasa ta hau lasa. Wata akuya ta ture gwiwar liman tana neman abin da ke ƙarƙashin buzu. Dattawa suka yunƙura za su tashi, sai kowa ya ji bayan rigarsa ya jiƙe, ya yi fari, ga ƙafa tana zafi kamar an taka barkono. Ashe tun da ruwan nan ya shige shi paben ya fara sakin jiki. Wanda ya taka sai ƙafarsa ta nutse, kamar a kwaɓin fura.

Sai inuwa ta rufe mu. Raƙumin ne ya miƙo wuya ta saman katanga, ya sunkuyo a hankali, ya ɗauki tubali guda sukutum ya hau tauna kamar ƙuli-ƙuli, yana kallon jama'a.

Ɗan Talata ya rasa abin yi, sai jikinsa ya tuna aikin da ya iya. Ya fizgi jan kallabina daga igiyar shanya, ya tsaya a tsakiyar gida ya ɗaga shi sama yana kaɗawa yana ihu, "Tsaya! Tsaya!" Motocin hanyar Damagaram sun tsaya masa, amma bunsurun Kelle bai taɓa hawa gudro ba. Ya ja da baya, ya auna, ya zo ya ɗauke shi. Kun san inda ya faɗi? Gindin bedi. Daidai wurin nan. Akuya kuma ta tafi da kallabina.

Aisami yana tsaye a gindin katanga ya riƙe ciki, hawaye na zuba cikin gemunsa. Kun san Barebari da Fulani ba su haɗuwa ba su taɓa juna ba. Ya ce, "Kai Bafillace, kwashe dukiyarka, za su cinye gidan mutane har ɗaki!"

Idirisa ya ce, "Rufe baki, Babarbare. Shekara nawa kana gini, ka taɓa gina abin da ko akuya ta yaba?"

Sannan ya je ya kama hannun Ɗan Talata ya tashe shi, ya kakkaɓe masa riga da kansa. Kowa ya zuba masa ido, ana jiran abin da zai faɗa. Ni a bayan labule na ce shi ke nan, sunanmu ya gama zagaya Kelle.

Idirisa ya ce, "Malam, na shiga gidaje da yawa an karɓe ni, an ba ni fura, an ba ni nama. Amma gidan da aka shimfiɗa wa awakina walima tun daga zaure har gindin itace, yau na fara gani. 'Yata tana gidan karamci."

Aka fashe da dariya har liman sai da ya zauna. Idirisa ya ce in akwai saura a ɗaure masa ashirin a kan raƙumi, dabbobinsa na jeji ma su samu rabonsu. Kakanku ya gyara hula, da tabon kanwa har gira, ya dubi jama'a ya ce, "Da ma gwaji nake yi. Abin lasar dabbobi ne. Wanda ya san aiki ya gane tun farko."

Aisami ya ce, "Nasara ne ya faɗa maka?"

Ya ce, "Da hannu."

Aka fitar da rago waje aka yanka, bakinsa fari fat. Amma fa mata za su taru da la'asar, tsakar gida kuwa ta zama dagwalo. Ina tsaye ina tunanin inda zan sa fuskata, sai ga Yabawa da tubali uku a ka, baƙi ƙirin da hayaƙin murhu. Ta sauke a gabana ta ce, "Ga shi, Yakura. Allah ya nuna mini, na gode." Bayanta mai shayi ya kawo nasa da tabon madara, mai faci ya kawo nasa da baƙin mai, na masallaci suka zo da gansakuka, mai gado ya ce shi dai yau a ƙasa zai kwana. Aisami da babanku suka kwashe dagwalon suka jibge bayan gida, inda har yau awakin unguwa ke zuwa ziyara. Suka baje yashi mai tsakuwa, suka jera. Kafin mata su fara sallama an gama. Kakanku yana zaune a kujera yana nuna musu da sanda inda za su sa kowane.

To kin ji abin da ya sa wani baƙi, wani fari.

Da Aisami zai tafi ya tsaya kusa da ni, ya rage murya ya ce, "Yakura, turmin nan dai a matsar da shi."

Na ce, "Wane turmi?"

Ya ce, "Sai an jima."

Kada ku zuba mini ido haka. Eh, ni ce. Tun ranar da aka fara jera paben nan babanku ya ce kada a yi daka a kai. To ina inuwa take a gidan nan in ba gindin bedi ba? In tsaya a rana in daka gero saboda tubali? Kullum kakanku ya fita majalisa sai in jawo turmina. Ƙasa ba ta ruɓe ba, gindin turmina ne ya zauna. Da na buɗe baki ranar nan na ce "ni ce", da ƙwarya biyu ta gama magana, da bidona yana nan, da kallabina yana nan. Amma in faɗi laifina a gaban Aisami, ga ungozoma tana saurare? Gara a ɓamɓare gidan. Aka kuwa ɓamɓare.

Har yau a nan nake daka, har yau yana lotsawa. In ya lotsa sai in jira Juma'a, kakanku ya tafi masallaci, in ɗaga takwas ɗin da bakin wuƙa, in zuba yashi ƙwarya biyu, in daddaɓe da taɓarya, in mayar. In ya dawo sai ya tsaya a wurin ya buga diddige ya ce, "Kin gani, Yakura? Tun da na sa hannu a aikin nan bai sake motsi ba." Ni kuma in ce, "Haka ne, Malam."

Ga tarinsa can a zaure. Sufiyanu, goge dariyar nan daga fuskarka. Fa'iza, ɗauke ƙwaryar nan ki kife, kada ya tambayi abin da yashi ke yi a ciki. Ku tashi ku wuce ɗaki ku kwanta, kuma ku bi ta gefe, gindin bedin ya fara lotsawa.